Tarihin Awon Sinadaran Ƙwaƙwalwa da Maganaɗisu da Matsalar Manyan Ƙwayoyi

Idan ciwon kai ya ƙi jin magani a ƙasar Ƙaraye ko ta Rogo, ko farfaɗiya ta kama mutumin da ya manyanta bai taɓa yin ta ba, ko kuwa hannu da ƙafa na ɓari guda suka soma mutuwa sannu a hankali, abin da likitan asibitin yankin yakan yi shi ne ya rubuta takarda ya tura majinyaci gaba. Gaban nan kuwa ita ce Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake tun 1988, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, tun da yake ƙasar Rogo ta yi iyaka da Jihar Kaduna. A can za a nemi hoton ƙwaƙwalwa. Wani lokaci hoton yakan nuna dunƙule mai zobe, tsakiyarsa ta mutu, kewayensa ya kumbura. To, a nan ake yin ta, domin cuta fiye da ɗaya tana iya ba da wannan kama: akwai ƙarin daji, akwai ƙurji mai mugunya, akwai kuma dunƙulen da ƙwayar tarin fuka take yi idan ta kai ga ƙwaƙwalwa. Ƙarin daji tiyata da gashi yake bukata. Ƙurji sai an zuƙe shi an bi da magani mai ƙarfi. Dunƙulen tarin fuka kuwa sau da yawa watannin shan magani ne suke narkar da shi, ba tare da an taɓa ƙoƙon kai ba. Iyalin da suka sayar da masara ko rake suka kawo mutum birni, ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu a san wanne ne daga ciki.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a ba da tarihin wata dabara da take taimakon likita a irin wannan mararraba, watau awon sinadaran da ke cikin ƙwaƙwalwar mai rai da na'urar maganaɗisu, wadda aka fi sani da MRI, sa'an nan a tsaya a kan wata matsala guda da ta ɗauki masana kusan shekara 30 kafin su daidaita a kanta. Matsalar ita ce ta amon manyan ƙwayoyin sinadari, galibinsu furotin, wanda yake kwance a ƙarƙashin duk abin da ake so a auna.

Kafin a shiga kimiyya, ya kamata a tuna da ma'aunin gyaɗa da auduga na zamanin da, wanda dattawan yammacin Kano ba su manta da shi ba. Manomi ya ɗora kayansa a kan sikeli, allura ta nuna nauyi, amma wannan nauyi na kaya ne da buhu a haɗe. Tilas malamin awo ya cire nauyin buhu kafin ya rubuta. Idan ya auna buhun da gaske, an yi adalci. Idan ya ƙiyasta da ka, to, ko manomi ya cutu ko kamfani. Duk tarihin da zai biyo baya labarin nauyin buhu ne, sai dai buhun nan a cikin kan mutum yake, ba a iya zazzage shi a auna shi daban.

Tushen dabarar yana cikin cibiyar ƙwayar zarra ta haidirojin, wadda take cike da jikin ɗan'adam, a cikin ruwa da kitse da furotin. Wannan cibiya tana da halin maganaɗisu, kamar wata 'yar mitsitsiyar allura. Idan aka sa ta cikin maganaɗisu mai ƙarfi sai ta riƙa juyi tana layi kamar katantanwar da yara suke murzawa, kuma saurin layin nata ya dogara ga ƙarfin maganaɗisun. Ana auna wannan ƙarfi da ma'aunin tesla. A tesla 1 cibiyar haidirojin tana zagaye kusan sau miliyan 42.6 a cikin daƙiƙa guda. A na'urar asibiti mai tesla 1.5 ke nan kusan sau miliyan 64, watau ƙasa kaɗan da zangon rediyon FM da ake kamawa a gida. Idan aka aika mata igiyar rediyo mai daidai wannan sauri, sai ta karɓa ta karkata, in an ɗauke kuma ta dawo da amon. Edward Purcell na Jami'ar Harvard ya ji wannan amo a cikin kakin kyandir a ƙarshen 1945, Felix Bloch na Jami'ar Stanford ya ji shi a cikin ruwa a farkon 1946, kowa da hanyarsa, ba tare da sun haɗa kai ba. An ba su lambar yabo ta Nobel tare a 1952.

Su waɗannan malaman fizis ne, cibiya kawai ta dame su. Saboda haka da aka lura a 1950 cewa cibiya iri ɗaya tana ɗan sauya sauri gwargwadon sinadarin da take zaune a ciki, sai suka ɗauki abin a kan cikas ne mai ɓata musu lissafi. A 1951 wasu masana uku a Stanford, Arnold da Packard da wani Ba'indiye mai suna Dharmatti, suka sa sinadarin etanol a na'urarsu, sai ga amo uku maimakon ɗaya, girmansu kuwa 3 da 2 da 1, daidai da yadda haidirojin shida na etanol suka rabu gida uku. Malaman kimiyyar haɗa sinadarai suka gane nan take cewa an ba su mabuɗi. Kowane sinadari yana da muryarsa. Ana jera muryoyin a kan layi guda a zana su, zanen nan shi ne za a riƙa kira zanen amo a cikin wannan lacca. Bambancin da ke tsakanin murya da murya ƙanƙane ne ƙwarai, kashi kaɗan ne cikin miliyan, shi ya sa ake rubuta matsayin kowace da ma'aunin da ake taƙaitawa ppm. Duk abin da likita yake nema a ƙwaƙwalwa yana tsakanin 0.5 da 4.7 a wannan ma'auni.

A 1966 Richard Ernst, mutumin Suwizalan, da Weston Anderson suka nuna cewa ba sai an bi muryoyin ɗaya bayan ɗaya ba. Ana iya bugun samfurin sau guda da gajeriyar igiya mai ƙarfi, a saurari duk amon a cakuɗe yana dusashewa, sa'an nan kwamfuta ta warware shi da lissafin da Bafaranshe Joseph Fourier ya bari tun ƙarni na 19. Bayan wannan sai abubuwa suka yi sauri. Paul Lauterbur a Amurka ya fitar da hoto na farko da wannan amo a 1973, Peter Mansfield na Nottingham a Ingila ya samo hanyar gaggauta shi. A 1974 masana a Oxford suka auna sinadaran fosfaras a cikin tsokar da ba a niƙa ba. A 1983 Kevin Behar da abokan aikinsa a Jami'ar Yale suka ɗauki zanen amon haidirojin daga ƙwaƙwalwar ɓera mai rai, suka ga sinadarin laktet yana hawa idan an rage wa dabbar iska. Paul Bottomley na kamfanin General Electric ya yi irin wannan a kan ɗan'adam a 1985, sa'an nan a 1989 Jens Frahm na Gottingen a Jamus ya fitar da zane mai kyau daga ɗan yanki zaɓaɓɓe a cikin kan mutum. Yankin da akan zaɓa har yau bai fi santimita 2 ta kowane gefe ba, kamar girman goro ɗaya. Domin a san inda ƙasar nan take a lokacin, na'urar hoton kai ta CT ta farko a Nijeriya sai a 1987 aka kafa ta a Asibitin Koyarwa na Ibadan.

Abokin gaba na farko shi ne ruwa. Fiye da kashi 70 cikin 100 na ƙwaƙwalwa ruwa ne, kuma amonsa ya fi na sinadaran da ake nema ƙarfi kusan sau 10,000. Mai neman su ba tare da ya kawar da ruwa ba, kamar mai neman kwabo ne a tsakiyar madatsar ruwa ta Challawa da damina. An shawo kan wannan a tsakiyar shekarun 1980 da igiyoyi na musamman masu kashe amon ruwa kaɗai kafin a fara saurare. Da ruwa ya janye sai tsinaye uku suka bayyana a fili. Mafi tsawo yana kan 2.0, na wani sinadari ne da ake taƙaita sunansa NAA, wanda aka gano a ƙwaƙwalwa tun 1956, kuma galibinsa a cikin ƙwayoyin jijiya yake, saboda haka in suka mutu yakan faɗi. Na biyu kiriyatin ne a kan 3.0, mai hulɗa da ajiyar ƙarfi. Na uku kolin ne a kan 3.2, wanda yakan hau inda ake ginawa da rushe tantanin ƙwayoyin jiki da sauri, kamar a cikin ƙarin daji. Laktet, idan akwai shi, yana fitowa da kai biyu a kan 1.3.

Amma janyewar ruwa ta tona wani abu dabam, kamar yadda janyewar tafki da rani take tona laka. Tsinayen nan ba a kan ƙasa miƙaƙƙiya suke tsaye ba. A ƙarƙashinsu akwai tuddai masu faɗi, marasa kai, sun miƙe tun daga 0.9 har wajen 4, wani ya hau kan wani. Dalilin faɗinsu yana da sauƙin ganewa. Wanda ya ƙwanƙwasa tasa zai ji ƙararta ta daɗe tana tafiya, har ya iya cewa ga muryarta. Wanda ya bugi turmi kuwa, dum ɗaya zai ji, shi ke nan. Ƙananan ƙwayoyin sinadari, irin su NAA da kiriyatin, suna yawo a sake cikin ruwan ƙwayar jiki, amonsu yana daɗewa kamar na tasa, a zane sai ya fito siriri mai tsini. Manyan ƙwayoyi masu nauyi ne, juyinsu a hankali, amonsu yana mutuwa da wuri kamar na turmi, a zane sai ya baje ya zama tudu. A na'urorin asibiti amon ƙananan yakan kai milisakan 150 zuwa 300 kafin ya ragu sosai, na manyan kuwa milisakan 'yan gomiya ne kawai. Milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na daƙiƙa.

Yawan sinadari ana lissafa shi ne daga faɗin filin da ke ƙarƙashin tsininsa. Idan tsinin a kan tudu yake, ina ne gindinsa? Ga nauyin buhu ya dawo.

Mafita ta farko ita ce haƙuri. Tun da amon turmi yana riga na tasa mutuwa, sai a yi bugu a dakata, a fara saurare bayan milisakan 135 ko 144, ko ma 270. Kafin nan tuddai sun lafa, tsinaye uku suna tsaye a kan ƙasa mai kyau. Yawancin aikin asibiti na shekarun 1990 haka aka yi shi, kuma har yanzu ana yi, domin hanya ce mai sauƙi wadda ba ta cika yaudarar likita ba. Sai dai tana da tsada ta wata fuska. Akwai ƙananan sinadarai masu muhimmanci da su ma ba sa jure jira, irin su gulutamet, wanda shi ne babban manzo mai zaburar da jijiyoyi, da gulutamin, da inositol. A farkon shekarun 1990 Brian Ross da Roland Kreis a Kalifoniya suka nuna cewa mai ciwon hanta wanda hankalinsa ya soma gushewa, gulutamin yakan hau a ƙwaƙwalwarsa, inositol ya faɗi. A ƙasar da ciwon hanta ya yi yawa irin Arewacin Nijeriya, wannan ba labarin nesa ba ne. Amma ba a ganinsa sosai sai an saurara da wuri, a milisakan 20 zuwa 35, lokacin da tuddai suke nan da ƙarfinsu.

Mafita ta biyu ita ce ƙiyasi da lissafi. A 1993 Stephen Provencher ya fitar da wani tsarin kwamfuta mai suna LCModel. Ana ba shi zanen kowane sinadari shi kaɗai, wanda aka auna a kwalba, shi kuma ya nemi gwargwadon kowanne da idan aka haɗa su za su yi daidai da zanen majinyaci. Abin da ya rage wanda ba na kowa ba ne, sai ya ja masa layi mai lanƙwasa a ƙasa ya ce wannan shimfiɗa ce. Tsarin ya kawo gyara babba, domin ya raba aikin da son ran mai awo, kuma ya zama abin da aka fi amfani da shi a duniya. Amma layin nan ƙiyasi ne. Idan aka bar shi ya lanƙwasa da yawa, sai ya haɗiye wani ɓangare na gulutamet. Idan aka taurara shi, sai a lissafa furotin a cikin gulutamet. Malamin awo ne mai gaskiya, amma buhu da ka yake cirewa.

Mafita ta uku ita ce wadda ta fi cancantar a daɗe a kanta, domin ita ce ta sauya tambayar. Mutane da yawa sun ɗauki tuddan nan a kan datti ne, ko aibin na'ura, ko kitsen fatar kai da ya kutso. Behar, wanda ya yi aikin ɓera na 1983, ya ƙi yarda a share abu ba a san ko mene ne ba. Shi da Takashi Ogino suka niƙa ƙwaƙwalwar ɓera, suka ware ruwan cikin ƙwayoyinta, suka zuba shi a cikin wani tantani mai ƙofofi ƙanana ainun, wanda ƙananan sinadarai suke fita ta cikinsa su bar manya, kamar yadda rariya take barin tsaki. Da suka auna abin da ya saura a cikin tantanin, sai ga tuddan nan daidai wurarensu, babu tsini ko ɗaya a kansu. Sun buga sakamakon a 1993. A 1994 Behar da Douglas Rothman da Dennis Spencer da Ognen Petroff suka maimaita aikin da tsokar ƙwaƙwalwar ɗan'adam, wadda aka cire wa masu farfaɗiya a wajen tiyata a Yale, da tantani mai tare duk abin da nauyinsa ya wuce dalton 3,500. Suka jera tuddai bakwai, a kan 0.93 da 1.24 da 1.43 da 1.72 da 2.05 da 2.29 da 3.00, kuma aka danganta su ga sinadaran amino, watau tubalan da ake gina furotin da su. Tudun 0.93 na lusin da aisolusin da balin ne, na 1.72 da na 3.00 kuma galibi na laisin. Ashe buhun ma da irin zaren kayan aka saƙa shi.

A cikin wannan aiki na 1994 ne kuma suka nuna yadda za a auna tuddan a kan mai rai, ba yanka ba niƙa. Manyan ƙwayoyi, ban da saurin mutuwar amo, suna da wani hali: idan aka kifar da allurarsu da igiyar rediyo, sun fi ƙananan saurin miƙewa. To, sai a kifar da kowa da kowa a lokaci guda, a jira. Ƙananan suna tasowa a hankali daga ƙasa, dole su ratsa ta sifiri kafin su koma sama, a daidai wannan lokaci ba su da murya ko kaɗan. Manyan kuwa tuni sun miƙe. Idan aka saurara a wannan ƙiftawar ido, amon manyan kaɗai za a ji. Zanen da suka samu ta wannan hanya ya yi daidai da na cikin tantani. Hanyar tana da nata aibi, domin ƙananan ba duka suke isa sifiri tare ba, wani ɓangare na kiriyatin yakan bar saura wanda sai an goge da hannu, shi ya sa daga baya aka ƙaro kifarwa sau biyu da wasu dabaru. Duk da haka an sami abin da ba a taɓa samu ba, an ɗora buhu a kan sikeli.

Amfanin ya fito fili a 1999 a Jami'ar Minnesota, inda Josef Pfeuffer da Ivan Tkac da Rolf Gruetter, tare da Provencher kansa, suka sa zanen manyan ƙwayoyi da aka auna a cikin jerin da ake ba LCModel, kamar shi ma sinadari ne. Da maganaɗisu mai tesla 9.4 suka lissafa sinadarai 18 a ƙwaƙwalwar ɓera mai rai, inda a da ake fama da uku ko huɗu.

Babu inda wannan matsala ta fi cizo kamar a kan sinadarin GABA, wanda shi ne linzamin ƙwaƙwalwa, mai kwantar da jijiyoyi idan sun zabura, saboda haka yake da hannu a cikin farfaɗiya. Kaɗan ne ƙwarai, kusan kashi ɗaya cikin goma na NAA, kuma amonsa na 3.0 yana ɓoye a ƙarƙashin kiriyatin. A 1993 Rothman da abokansa suka fito da shi da wata hikima. Haidirojin GABA na 3.0 yana ɗaure da wani ɗan'uwansa na 1.9, in an taɓa wannan sai wancan ya motsa. Sai a yi awo biyu, ɗaya an taɓa 1.9, ɗaya ba a taɓa ba, a ɗebe wannan daga wancan. Kiriyatin ba shi da ɗan'uwa a 1.9, saboda haka ya ɓace, GABA ya saura. Da haka suka nuna cewa maganin farfaɗiya mai suna vigabatrin yana ƙara GABA a kan mai shansa. Amma mai karatu zai tuna da laisin, wanda tudunsa na 3.00 yake ɗaure da na 1.72. Tsakanin 1.9 da 1.72 taƙi ne kaɗan, igiyar da ta taɓa ɗaya sai ta shafi ɗayan. Sakamakon haka, kusan rabin abin da ake aunawa a kan GABA da wannan hanya furotin ne. Masana da suka san haka sai suka riƙa rubuta shi da alamar ƙari, GABA+, wanda ladabi ne na ilmi, ko da yake ba duk mai karanta rahoto ne yake lura da 'yar alamar ba. A 2001 Pierre-Gilles Henry a Faransa ya kawo gyara: a taɓa 1.9 a awo na farko, a taɓa 1.5 a na biyu, domin 1.7 ya zauna a tsakiya ya sha taɓi iri ɗaya sau biyu ya fita a wajen ɗebewa. Dabarar tana aiki, sai dai idan na'ura ta yi zafi saurinta ya ɗan goce, ma'aunin ya karkace. Da cibiyoyin bincike 24 suka gwada hanyoyin biyu a kan mutum 272 suka buga sakamako a 2017, bambancin awo ya kai kashi 12 cikin 100 a GABA+, amma kashi 28 a hanyar da take kawar da furotin. Watau awon da ya fi tsarki shi ya fi rawa.

Ana cikin haka sai aka gane cewa buhun ma ba nauyi ɗaya gare shi a kan kowa ba. Bincike tun daga tsakiyar shekarun 1990 ya nuna tuddan suna sauyawa a inda jini ya yanke wa ƙwaƙwalwa, da cikin ƙari, da cikin cutar da take cin rigar jijiyoyi. A 2018 Malgorzata Marjanska a Minnesota ta nuna cewa na tsofaffi sun fi na matasa girma, kamanninsu ma sun bambanta. Wanda ya auna tsoho da buhun saurayi zai ga bambancin sinadarai wanda babu shi. A 2021 masana wannan fanni, da jagorancin Cristina Cudalbu ta Lozan a Suwizalan, har da Behar a cikinsu, suka fitar da matsaya guda a mujallar NMR in Biomedicine. Sun ce a riƙa kiran kowane tudu da matsayinsa a ma'aunin ppm domin a daina ruɗanin suna, a fifita zanen da aka auna a kan wanda aka ƙiyasta, musamman a maganaɗisu mai ƙarfi inda tuddan suke fitowa da siffa, a kula da shekaru da cuta, kuma kowane rahoto ya faɗi hanyar da aka bi.

Saura a ga abin da wannan ya haɗa da dunƙule mai zobe na mutumin Rogo. Cututtukan da suka fi damun ƙasashe masu zafi, a daidai unguwar tuddan nan suke magana, tsakanin 0.9 da 1.3. Mafi yawan abin da aka sani a kan haka daga Indiya ya fito, inda Rakesh Gupta da abokansa a Lucknow suka yi ta auna masu tarin fuka da masu ƙurji tun shekarun 1990, saboda su ne marasa lafiyar da suke zo musu. Dunƙulen tarin fuka cike yake da maiƙo, daga mataccen nama da kuma jikin ƙwayar cutar kanta, saboda haka yakan ba da babban amon kitse a kan 1.3 da 0.9. Ƙurji mai mugunya labarinsa dabam ne. Fararen ƙwayoyin jini da suka taru a cikinsa suna sakin sinadarai masu farfasa furotin, sai lusin da aisolusin da balin, waɗanda a ƙwaƙwalwa mai lafiya suke ɗaure cikin furotin suna ba da tudun 0.93, su kuɓuce su zama ƙananan ƙwayoyi masu yawo. Wurinsu a zane bai sauya ba, halinsu ne ya sauya. Yanzu amonsu yana jure jira, kuma idan aka saurara a milisakan 135 sai ya kife ya dubi ƙasa, abin da kitse ba ya yi. Wasu ƙwayoyin cuta kuma suna barin asitet a kan 1.9 da saksinet a kan 2.4. Saboda haka tudu a kan 0.9 yana iya zama furotin na lafiya, ko kitse, ko shaidar mugunya, kuma awo ɗaya a gajeren jira ba ya raba su, sai an yi biyu an gwama. Dole kuma a faɗi iyakar dabarar. Ƙarin daji mai tsanani wanda tsakiyarsa ta ruɓe shi ma yana ba da kitse a kan 1.3, har ya yi kama da tarin fuka. Zanen amo shaida ɗaya ne a cikin shaidu, ana haɗa shi da sauran hotuna da hoton ƙirji da gwajin majina da tarihin majinyaci, wani lokaci kuma ba makawa sai an ɗebo tsoka an duba.

Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu tarin fuka a duniya, amma na'urorin da za su yi wannan awo kaɗan ne. Godwin Ogbole na Ibadan da abokansa sun ƙirga na'urorin MRI na Afirka ta Yamma a 2016, suka sami 84 domin mutum fiye da miliyan 370. Guda 58 a Nijeriya suke, 45 daga cikinsu kuwa masu raunin maganaɗisu ne. Irin waɗannan suna ɗaukar hoto, amma muryoyin sinadarai a cikinsu sun matsu da juna har ba sa rabuwa, awon sinadarai yana son tesla 1.5 ko fiye. Babbar na'ura kuma maganaɗisunta a cikin ruwan hiliyam yake, mai sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifiri, kuma injin da yake riƙe wannan sanyi ba ya son a ɗauke wuta.

Ma'aikacin gwamnati da aka ɗora wa sayen irin wannan na'ura yakan tsaya a kan farashi da janareto da kwangilar gyara, kuma yana da gaskiya. Abin da ba ya shiga takardar kwangila shi ne mutumin da zai zauna a bayan na'urar. A tesla 1.5 tuddan suna bajewa har ƙiyasin kwamfuta yakan wadatar wajen aikin yau da kullum, muddin mai karanta zanen ya san ƙiyasi ne, ya kuma san cewa a cikin ƙari da ƙurji ne ƙiyasin ya fi saurin kuskure. LCModel, wanda a da ake saye da tsada, Provencher ya sake shi kyauta a 2021. Zanen manyan ƙwayoyi kuwa ba a aron na kowa haka kawai, domin yana sauyawa da ƙarfin maganaɗisu da tsarin bugu da tsawon jira, wanda aka auna a tesla 7 a Minnesota ba zai zauna a kan tesla 1.5 a Kano ba. Auna shi aikin malamin fizis na asibiti ne, da na'urar da ake da ita, a kan masu lafiya da suka yarda, matasa daban, tsofaffi daban.